Tarihin Koyon Haruffan Jarri na Turanci a Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan

A nahawun Turanci akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da ke zuwa kafin suna don nuna wuri ko lokaci ko hanya ko dalili, irin su *in*, *on*, *at*, *to*, *for*, *by* da *with*. Malaman boko suna kiran kowace ɗaya *preposition*, malaman zaure kuwa, da suka san takwarorinsu a Larabci, haruffan jarri suke ce musu. Waɗanda ake amfani da su yau da kullum ba su da yawa, ɗan aji huɗu na iya haddace su a wuni guda. Aikin yana wajen zaɓe, wato a san wadda ta dace da gurbi a cikin biyu ko uku masu kama da juna. A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda Hausa ce harshen gida da gona da kasuwa, wannan zaɓe ya daɗe cikin abubuwan da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa, kuma hanyar koyar da shi ta sauya fiye da sau ɗaya tun zuwan Turawa.

Ƙananan hukumomin uku suna arewacin masarautar Zazzau, tsakanin birnin Zariya da iyakar Jihar Kano. Ikara tana cikin waɗanda aka kafa a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, daga baya Maƙarfi ta samu tata, haka ma Kudan mai hedikwata a Hunƙuyi. Ƙasar manoma ce, ta masara da dawa da rake da tumatir da barkono, a da kuma har da auduga mai yawa. Tun kafin boko akwai karatu a cikinta. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai yakan nufi Zariya, wadda ta yi suna a duk ƙasar Hausa wajen nahawu da lugga, ya fara da Ajuruma, in ya yi nisa ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik. A zaure malam yakan karanta kalmar Larabci ya bi ta da fassararta nan take, almajiri na maimaitawa: *fi* cikin, *ala* bisa, *min* daga, *ila* zuwa. Sai karatu ya zurfafa ake zuwa ga sauran ma'anonin kowane harafi. Da wannan sabo na ba kowane harafi abokinsa guda a Hausa yaran farko suka shiga ajin boko, Turanci kuwa bai amsa wannan tsari ba.

Dalili shi ne harsunan biyu ba su raba aikin nuna wuri iri ɗaya ba. Hausa tana da harafi guda, *a*, mai ɗaukar kusan kowane zama a wuri ko a lokaci: a Maƙarfi, a tasha, a bango, a ranar Juma'a, a watan Maris. Turanci ya kasa wannan kashi uku. Gari da wata suna ɗaukar *in*, bango da rana suna ɗaukar *on*, tasha kuwa *at*. Idan Bahaushe yana son ya fayyace wurin sosai, sai ya koma ga sunayen sassan jiki: cikin ɗaki, kan tebur, bayan gari, gaban alƙali, bakin rafi, gindin kuka. Su ma ba su zo daidai da na Turanci ba. *Bayan* yana nufin *behind* idan wuri ne, *after* idan lokaci ne. *Cikin* ya haɗiye *in* da *into* da *within*. *Tsakanin* ya haɗa *between* da *among*.

Akwai kuma wuraren da Hausa ba ta sa komai: yana gida, yana kasuwa, ya tafi Zariya, ya je makaranta. Aikatau ya wadatar. Alƙiblar motsi ma a jikin aikatau take, kamar fita da fito, koma da komo, kai da kawo. Yaron da ya tashi a haka yakan rubuta *he went Zaria*, a gyara masa a ce ya sa *to*, gobe ya rubuta *he went to home* ko *he reached to Ikara*, a sake ja masa jan biro, domin *home* da *reach* ba sa ɗaukar ta. Harafin *da* ya fi kowanne rikita lissafi. Da wuƙa *with* ce, da safe *in*, da dare *at*, da ƙarfe biyu *at*, da ƙafa *on*. Haka *wa*: wanda ya aika wa Audu wasiƙa *to* ya yi, wanda ya saya masa riga *for*, wanda ya sace masa akuya kuwa *from*. Wannan ba naƙasu ba ne ga Hausa. Baturen da ke koyonta yakan sha irin wannan wuya ta ɗaya gefen, shi ya sa littattafan nahawun da aka rubuta wa jami'an mulkin mallaka, kamar na R. C. Abraham, suka ba sauye-sauyen aikatau fili mai yawa.

Ƙa'ida tana iya warware kaɗan daga cikin waɗannan, amma mafi yawa ba su da dalilin da za a iya faɗa wa yaro. Mai harshen ya san su ne domin ya ji su sau dubbai tun yana goye. Saboda haka tarihin koyonsu a wannan ƙasa ya ta'allaƙa ne ga tambayar wa ya samu jin Turanci da kunnensa, daga bakin wa, kuma shekara nawa.

A farkon zamanin Turawa, kusan babu wanda ya samu. Sun shiga Zariya a 1902, Kano da Sakkwato a 1903, suka zaɓi yin mulki ta hannun sarakuna, Hausa kuma ta zama harshen aikin hukuma a ƙasa. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausar boko ta fara, kuma a kanta aka ɗora tsarin elementare: shekara huɗu na karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa. Manyan jami'an mulkin ba su ɓoye cewa ba sa son a samu irin akawunan Ikko masu Turanci da jayayya a Arewa ba. Da aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, malamin hakimi da Hausa yake rubuta rajistar haraji da jangali, Di'o ne kuma ake tilasta wa cin jarrabawar Hausa. Mutum na iya yin aikin En'e a Ikara ko Maƙarfi har ya yi ritaya bai buƙaci jimlar Turanci ko ɗaya ba.

Ɗan Turancin da ya fara shiga kunnen talakawa ta layin dogo ya biyo. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya ratsa wannan ƙasa ta tashoshin Likoro da Gimi. Ma'aikatan tasha da akawunan kamfanonin sayen auduga da gyaɗa galibinsu 'yan Kudu ne, abin da suke yi da leburori da 'yan dako kuma Buroka ne. Buroka ba ta da matsalar zaɓe, domin kalmar *for* ita kaɗai take tsayawa wa gida da kasuwa da dare da rana, kamar dai *a* ta Hausa. Shi ya sa ta zauna a bakin mutane ba wuya, direbobin manyan motoci a hanyar Zariya zuwa Kano suka ƙara yaɗa ta, malaman makaranta na baya kuma suka tarar da ita ta riga su.

Ƙofa ta biyu ta mishan ce, kuma ƙarama ce. Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makarantar da ake koyar da Turanci. Wajen 1914 aka kafa wani ƙauyen Kirista a Gimi domin wasu daga cikin jama'ar da ake kira Isawa da suka bi Miller, aka ɗora wani limamin coci ɗan tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, a kansa. Ciwon barci ya watsa ƙauyen cikin 'yan shekaru, waɗanda suka tsira suka koma wajen Miller, mishan ɗin kuma ya tashi zuwa Wusasa a 1929. Daga wannan 'yar al'umma ta Wusasa aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Yaran mishan sun tashi kusa da masu harshen, suna jin sa a aji da wajen aji.

Ga yaran gundumomi kuwa, hanya ɗaya ce: Midil. Bayan an haɗe sassan ilimi na Kudu da Arewa a 1929 ƙarƙashin E. R. J. Hussey, aka mayar da makarantun lardi suka zama Midil. Ta Zariya ita ce Alhudahuda ta yau. Daga kowace elementare 'yan ƙalilan ake tsamowa, kusan duk maza, a kai su kwana a can. Turanci yakan fara a matsayin darasi, kafin a gama ya zama harshen koyar da sauran darussa. Malamansu da yawa 'yan Kwalejin Katsina ne, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta tare a Zariya a 1949, ita ce Barewa. A Katsina Turawan Ingila ne ke koyarwa, sun kuma ba magana da lafazi muhimmanci ƙwarai, har Turancin ɗalibanta irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama abin misali. Hanyar koyarwa ta wancan zamani ta baki ce. Malam ya ɗora littafi a kan tebur ya faɗi jimla, ya sa shi cikin akwati ya faɗi wata, ya tsaya bakin ƙofa ya faɗi ta uku, aji na amsawa, ba a fassara ko ɗaya. Littattafan karatu na kamfanonin Oxford da Longman, da aka tsara su da taƙaitattun kalmomi masu maimaituwa, suka ƙarasa aikin. Idan dattawa suna yaba Turancin 'yan Midil ba ƙarya suke yi ba, sai dai akan manta cewa yara ne zaɓaɓɓu, ajinsu ƙarami, kuma sun shekara huɗu ko fiye suna kwana suna tashi cikin harshen.

Daga wancan zamani aka gaji wata ƙa'ida da ta shafi garuruwan nan kai tsaye. Tsofaffin littattafan nahawu sun ce babban birni da ƙasa suna ɗaukar *in*, ƙaramin gari da ƙauye suna ɗaukar *at*. A bisa haka yaro zai ce yana zaune *in Kano*, amma *at Kudan*, *at Paki*, *at Hunƙuyi*. Rahotannin Turawan mulki ma haka suke rubutawa. Ƙa'idar ta bar wa malami aikin yanke hukunci a kan girman gari, abin da ba ya rasa tsokano gardama, domin babu wanda ya faɗi yawan gidajen da Ikara za ta tara kafin ta cancanci *in*. Turancin yau ya bar wannan ma'auni. Duk garin da mutum yake zaune a ciki, ƙarami ko babba, *in* ne. Ana sa *at* ne idan an ɗauki garin a matsayin zango a kan hanya, kamar a ce jirgi ya tsaya *at Gimi*, ko mota ta sauke fasinja *at Tashar Yari*. Duk da haka tsohuwar ƙa'idar ba ta mutu ba, tana nan cikin takardun koke da wasiƙun neman aiki, domin malami ya koya daga malaminsa.

Shekarun 1950 suka ɗaga darajar Turanci farat ɗaya. Gwamnatin Sardauna ta ƙudiri mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa, aikin ofis kuwa da Turanci ake yin sa, ko da yake Majalisar Dokokin Arewa tana amfani da Hausa tare da shi. Aka mayar da Midil sakandaren lardi, aka kafa siniya firamare mai shekara uku a kan huɗun farko. Manyan da suka koyi karatun Hausa a ajin Yaƙi da Jahilci su ma suka fara neman Turanci, hukumar NORLA ta Zariya ta fitar musu da *Hanyar Taɗi da Turanci* a 1957, *Kamus na Turanci da Hausa* na Neil Skinner ya biyo baya a 1965. A shekarun 1960 aka gwada tsarin *Straight for English*, wato a fara da Turanci tun aji ɗaya. Tsari ne da ya dogara kacokan ga malami mai iya magana da harshen, irin wannan malami kuwa shi ne abin da makarantun ƙauye suka fi rasa, balle bayan rikicin 1966 da ya sa malamai da ma'aikata da yawa 'yan Gabas suka bar Arewa.

Giɓin da aka samu a makarantun sakandare da na horon malamai baƙi ne suka riƙa cike shi: 'yan sa-kai na Amurka daga 1961, Indiyawa da 'yan Pakistan, masu yi wa ƙasa hidima daga 1973, sai 'yan Ghana har zuwa korar baƙi ta 1983. Kowa da irin Turancinsa. Baturen Ingila yana cewa *at the weekend* da *in the street*, Ba'amurke yana cewa *on the weekend* da *on the street*, kuma kowannensu daidai yake a gidansu. Ɗalibin da ya canza malami a tsakiyar shekara yakan ga an soke masa abin da aka ba shi maki a kai a zangon baya.

A wannan lokaci ne littafin gyaran kurakurai ya samu sarauta. Kusan duk wanda ya yi sakandare ko kwalejin horon malamai a Arewa ya san *Brighter Grammar* na Eckersley da Macaulay, da *First Aid in English* na Angus Maciver, da *Common Mistakes in English* na T. J. Fitikides. Na ƙarshen, wanda ya fara fitowa a 1936, da babin sa harafin jarri inda bai dace ba ya buɗe, can gaba kuma ya jera waɗanda ake rikitawa biyu-biyu. Marubucinsa malami ne a tsibirin Saifurus, ɗalibansa masu jin Girkanci. Littafi ne mai amfani, amma ba don Bahaushe aka rubuta shi ba. Yana nuna jimlar kuskure da ta daidai, ba ya iya gaya wa ɗan Maƙarfi cewa *wa* ɗin da ke bakinsa ce ke sa shi rikita *to* da *for*. Ba kasafai aka samu darasin da ya jera harsunan biyu gefe da gefe ba, domin malamin Hausa da na Turanci kowa ajinsa daban, kuma a makarantu da yawa yin Hausa laifi ne da ake kira banakula, ana cin tara ko a yi horo a kansa. Abin da dokar banakula ta fi haifarwa shi ne shiru, ko Buroka.

Jarrabawa ma ta sauya fasali. An kafa hukumar WAEC a 1952, kuma a tsarin farko wanda ya faɗi Turanci ba ya samun cikakkiyar takardar shaidar sakandare komai ƙoƙarinsa a sauran darussa. Bayan rahoton D. W. Grieve na 1964 a kan yadda ake jarraba Turanci, aka shigo da tambayoyin zaɓi, waɗanda ɗalibai ke kira objektif. Babu abin da ya fi harafin jarri dacewa da irin wannan tambaya: a rubuta jimla, a bar gurbi, a jera kalmomi huɗu ko biyar a ƙasa. Amsa ɗaya ce, makin ba gardama, inji ma yana iya dubawa. Hukumar JAMB da aka kafa a 1978 ta bi wannan salo, haka NECO da ta fara jarrabawa a 2000. Ta haka 'yan kalmomin nan suka zama rariyar da ake tace masu shiga manyan makarantu.

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, da aka ƙaddamar a Satumba 1976, shi ya kai boko ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba. Shekarar ce kuma Ikara ta zama ƙaramar hukuma. Yara sun yi yawa fiye da yadda aka ƙiyasta, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ɗaga iliminsu ta hanyar karatu daga gida. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin, sannan a koma Turanci a manyan azuzuwan firamare. A aikace, abin da ya kafu wani abu ne tsakatsaki: malam ya rubuta darasi da Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa. Sai ya zama yaro yana ganin Turanci kullum amma ba ya jin sa. Harafin jarri kuwa shi ne ɓangaren harshe da ido ya fi tsallakewa, domin mai karatu kalmomi masu nauyin ma'ana yake kamawa.

Abin da ya maye gurbin kunne shi ne jadawali. Na lokaci ya fi kowanne tsari, kuma da shi ake farawa: *at* ga ƙarfen agogo, *on* ga rana da kwanan wata, *in* ga wata da shekara da damina ko rani. Daga nan sai togaciya ta fara shigowa. Safiya da yamma *in* ne, dare *at*, safiyar Juma'a kuwa *on*, domin sunan rana ya rinjaya. Abin hawa ya fi wannan. Hausa ta raba shi gida biyu cikin hankali, ana shiga mota ana hawa keke da babur da jaki. Turanci ya yarda da *in* ga ƙaramar mota da *on* ga keke, amma ya kai bas da jirgi ɓangaren keke, alhali shiga ake yi. Idan kuma hanyar tafiyar kawai ake nufi, duk su koma *by*, ban da ƙafa. Sai *since* da *for*, inda ta farko ke son lokacin da abu ya fara, ta biyu ke son tsawonsa. Mai cewa tun jiya, tun bara, tun shekara uku da suka wuce, da kalma ɗaya yake yi, shi ya sa *since three years* ta ƙi ƙarewa a takardun jarrabawa.

Waɗanda suka fi yawa a takardar objektif su ne masu manne da wani aikatau ko sifa, kuma a nan sa'a ke aiki. Wani lokaci Hausa takan taimaka. Fushi da mutum ya zo daidai da *angry with*, tsoron kare ya zo daidai da *afraid of*. Wani lokaci takan kai yaro rami. Yana aure da ita ke haifar da *married with* a maimakon *married to*. Tattaunawa a kan magana ke haifar da *discuss about*, alhali aikatau ɗin ba ya ɗaukar komai. Karɓar aro da ba da aro, da Hausa ke yi da aikatau ɗaya, su ke haifar da *borrow me* a inda ake son *lend*. Da yawa daga cikin waɗannan ba na Hausawa kaɗai ba ne. *Congratulate for*, *request for*, *comprise of* da *not on seat* suna bakin masu ilimi a duk faɗin Nijeriya, a jaridu da ofisoshi, kuma David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya tattara irinsu a littafinsa *Nigerian English Usage* na 1991. Masana harshe da dama suna ganin wasunsu sun riga sun zama Turancin Nijeriya. Masu duba jarrabawa kuwa da ma'aunin Ingila suke aiki. Wannan ya sa ɗalibin Kudan a wani hali mai wuyar karewa, inda ake rage masa maki a kan abin da ya ji daga bakin manyan da ya kamata ya kwaikwaya.

Buƙatar kiredit a Turanci ta ƙara tsananta da manyan makarantu suka matso kusa. Ban da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Zariya, Maƙarfi kanta ta samu Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris. A aikin jinya zaɓen harafi ya wuce maganar maki, domin *before* da *after* a takardar magani, ko *into* da *under* a bayanin allura, umarni ne da ake aiwatarwa a jikin mutum. Darussan ƙarin karatu da ake kira lesin, da littattafan tambayoyin shekarun baya, suka zama kasuwa, kuma hanyarsu ɗaya ce, haddar abin da ya saba fitowa.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su ta ɗauki wasu. An yi doguwar muhawara a kan adalcin gwajin, amma ya fito da abin da ya samo asali tun gaggawar 1976, cewa malamai da yawa su ma ta allo da jadawali suka koyi harshen. Manufar harshen koyarwa ita ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare, a Nuwamba 2025 kuma aka janye wannan aka koma Turanci.

Wayar hannu ta dawo da wani abu na kunne da ya ɓace tun zamanin Midil. Matashin Ikara na yau yana jin sharhin ƙwallon Ingila a gidan kallo, yana ganin finafinan Amurka, yana karanta saƙonni a WhatsApp da Facebook, wato Turancin Ingila da na Amurka da na Nijeriya da Buroka duk a cakuɗe, babu mai rarrabe masa. A Ingausar da matasa ke yi, suna da aikatau ne ke shigowa daga Turanci, harafin yakan zauna a Hausa: ina cikin *class*, mu haɗu a *junction*, na yi masa *transfer*. Haka abin yake tun farko. Hausa ta ari tebur da mota da asibiti da ofis da ɗaruruwan irinsu, amma ba ta ari *in* ko *on* ko *at* ba, saboda haka ɗalibin yankin bai cika furta su da bakinsa ba sai a ajin Turanci da zauren jarrabawa.